Damagaram zuwa Agadez: Abin da direban tirela ke aunawa kafin ya ratsa Damargu

A taswira, hanyar da ta tashi daga Damagaram ta nufi Agadez miƙaƙƙiya ce kamar an ja zare. Takan bi ta Bakin Birji da Sabon Kafi ta shiga Tanout, ta wuce Aderbissinat, sannan ta gangara daga tudun Tiguidit ta faɗa ƙasar Abzin. Tsawonta ya haura kilomita 400, tafiyar da ƙaramar mota mai lafiya kan iya yi cikin yini guda idan titi na da kyau.

Sai dai lissafin direban tirela daban yake. Mutumin da ke jan tan 40 ko 50 na gero, siminti ko man fetur yakan fara duba nauyin da ke bayansa, da watan da ake ciki, da irin ƙasar da tayoyinsa za su taka, kafin ya waiwayi yawan kilomita. Kuskure ɗaya a wannan lissafi kan sa mota ta yi kwanaki a cikin rairayi, ko ta kwanta a gefen gangare da dukiyar mutane a warwatse.

Hanyar, wadda hukumomin Nijar suka yi wa lamba RN11, yanki ce ta babban titin da ya ratsa Sahara daga birnin Aljiyas zuwa Legas, mai tsawon kimanin kilomita 4,500. Ta nan hatsin kudu ke hawa zuwa Agadez da Arlit, ta nan kuma albasa da dankalin turawa na lambunan Abzin ke saukowa, tare da gishiri da dabino. Idan motoci suka maƙale a kanta, ba masu kayan kaɗai ke ji a jikinsu ba, har mai awon tiya ɗaya a kasuwa sai ya gani a farashi.

Rairayi ne dutsen Damargu

Damargu, ƙasar da a yau ta haɗa gundumomin Tanout da Belbeji a arewacin jihar Damagaram, ba ta da manyan duwatsu irin na Abzin. Shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce mai tuddan rairayi da 'yan tsaunuka jefi-jefi, sai kwarin Tarka da ya ratsa ta ya nufi yamma zuwa Dakoro da jihar Tahoua. Belbeji a ƙarƙashin Tanout take har zuwa shekarar 2011, lokacin da aka ɗaga ta ta zama gunduma mai zaman kanta. A nan noman damina ke ƙarewa, ƙasar kiwo ke farawa. Tun 1961 Nijar ta kafa dokar da ta shata iyakar noma ta arewa, kuma Damargu na bakin wannan iyaka.

Duk da rashin duwatsu, yankin na cikin wurare masu wuya ga manyan motoci, kuma ɗan lissafi kaɗan ya isa ya nuna dalili. Hawan da injiniyoyi ke kira mai kashi 6 cikin 100, wato titin da ke ɗagawa mita 6 a duk tafiyar mita 100, yakan sa mota mai tan 50 ta ji kamar ana janyo ta baya da ƙarfin tan 3. A kan shimfiɗaɗɗiyar kwalta, ƙarfin da tayoyi ke buƙata don su ci gaba da birgima bai wuce kimanin kashi 1 cikin 100 na nauyin motar ba. A cikin rairayi mai laushi kuwa, wannan buƙata kan ninka sau goma ko fiye, domin taya na nutsewa, kullum tana fafutukar fita daga ramin da ita da kanta ta haƙa. Ke nan filin da ido ke gani a shimfiɗe na iya fin wancan hawa cin ƙarfin inji.

Tirela ta fi kowace mota shan wahala a irin wannan wuri. A wadda aka fi gani a hanya, mai aksil 6, wato layin tayoyi shida, biyu ne kacal ke karɓar ƙarfin inji. Na gaba tura shi ake yi, ukun baya kuma janyo su ake yi. Da zarar tayoyin da ke turawa sun fara juyawa a wuri ɗaya, shi ke nan mota ta kafe. Shi ya sa a hanyoyin hamada aka fi son motoci masu jiki ɗaya, waɗanda duk tayoyinsu ke turawa. Kamfanin Berliet na Faransa ya gwada hakan tun a 1959 da 1960, lokacin da ya ratsa hamadar Tenere da ayarin irin waɗannan motoci.

Hanya uku, kowace da farashinta

Mai kaya daga kudancin Nijar ko daga kasuwannin Kano da Katsina zuwa Agadez na da zaɓi uku a gabansa.

Ta farko ita ce RN11, mafi kusa. Shekaru da dama sassanta sun kasance a lalace, musamman tsakanin Tanout da Tiguidit, har ta kai direbobi kan bar titin su bi gefensa, kowa na buɗe tasa turbar. Tarayyar Turai ta ɗauki nauyin gyaran ɓangaren Damagaram zuwa Tanout, mai kimanin kilomita 140, sannan a 2021 Bankin Duniya ya amince da ba da kuɗin gyaran ɓangaren Tanout zuwa Tiguidit, mai tsawon sama da kilomita 200. A duk inda ake irin wannan aiki akan karkatar da motoci zuwa hanyar ƙasa ta wucin gadi, kuma a nan ne mota mai nauyi ta fi kafewa. Saboda haka labarin halin da titi ke ciki a makon nan ya fi wa direba amfani a kan abin da ya sani bara.

Ta biyu ita ce zagaye ta yamma: a bi titin Maradi har zuwa mararrabar Tsernaoua kusa da Birnin Ƙonni, a juya arewa zuwa Tahoua, a bi ta Abalak a isa Agadez. Ɓangaren Tahoua zuwa Agadez da Arlit shi ake kira hanyar yuraniyom, domin saboda ma'adinan Arlit aka gina shi a ƙarshen shekarun 1970, kuma shi ma ya daɗe yana fama da ramuka. Daga Damagaram, wannan zagaye ya kusa kilomita 1,000, wato fiye da ninki biyu. Idan aka ƙaddara cewa tirela mai lodi na shan lita 45 a duk kilomita 100, ƙarin kilomita 550 na nufin ƙarin kusan lita 250 na gazuwal a zuwa kawai. Ga motar da ta yi lodi a Sakkwato, wannan ce hanyarta ta asali. Ga wadda ta yi lodi a Damagaram, sai idan tilas ta kama.

Ta uku ita ce yanke ta hanyoyin ƙasa na yankin Belbeji, waɗanda ke haɗa RN11 ta gabas da Dakoro ta yamma, inda ake samun titin Maradi. A taswira wannan yanke na da ban sha'awa, amma ya ratsa rairayi da kwarin Tarka, kuma bai dace da tirela mai cikakken lodi ba. Abin da mutanen yankin suka saba yi shi ne raba aikin: amalanken shanu da na jakuna da ƙananan motoci su fito da buhunan gero da wake daga ƙauyuka zuwa kasuwa ko bakin titi, babbar mota ta jira a inda ƙasa ke da ƙarfi. Kuɗin sauke kaya da sake lodi bai kai asarar kwana biyu ana haƙa a ƙarƙashin tayoyi ba.

Wata ne ke zaɓen hanya

Hanyar da ta ɓulle a watan Janairu ba lallai ba ne ta ɓulle a Agusta. Damina a wannan yanki gajeriya ce, galibi daga Yuli zuwa Satumba, amma takan juya komai. Yayyafi kan sa rairayi ya yi ƙarfi, mota ta wuce cikin sauƙi fiye da lokacin rani. Sai dai ruwan da ya gyara tudu shi ke ɓata kwari: ƙasar laka ta zama taɓo, koramun da suka shekara a bushe su cika cikin ɗan lokaci, wani lokaci ma daga ruwan da aka yi can nesa wanda direba bai ga hadarinsa ba.

A inda titi ya tsallaka korama ta kan shimfiɗar kankare maimakon gada, haɗarin ba ya tsayawa ga zurfin ruwa. Ruwa kan rarake ƙasar da ke ƙarƙashin kankaren ko bakinsa, saman ya ci gaba da bayyana kamar lafiya lau, sai nauyi ya hau ya rufta. Ƙa'idar tsofaffin direbobi ita ce jira har ruwa ya janye, sannan a taka wurin da ƙafa kafin a saka mota. Daminar 2024 ta tunatar da kowa wannan. A shekarar, ambaliya ta hallaka mutane sama da 300 a Nijar, ta katse manyan hanyoyi, kuma a watan Satumba tsohon masallacin birnin Damagaram da aka gina tun ƙarni na 19 ya rushe saboda ruwan sama.

Rani kuma da nasa. A lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, hazo kan rage nisan da ido ke kaiwa, iska kuma ta kwaso rairayi ta zuba kan kwalta, musamman a kwana da bayan tudu. A watannin Afrilu da Mayu zafi kan haura maki 40, kwalta ta fi haka zafi, kuma a nan ne tsofaffin tayoyi ke fashewa, lagireto ke tafasa. Shi ya sa ake son ratsa wurare masu rairayi da sassafe, lokacin da ƙasa ke da sanyi da ɗan ƙarfi. Rage iskar taya na taimakawa a cikin rairayi domin yana faɗaɗa wurin da take takawa, amma wanda ya koma kan kwalta bai mayar da iskar ba ya saya wa kansa fashewar taya.

Gangaren Tiguidit

Kimanin kilomita 60 kafin Agadez, ƙasa kan sauya. Tiguidit doguwar gaɓar dutse ce da ta yi lanƙwasa kamar baka a kudancin birnin, kuma mai tafiya arewa saukowa yake yi daga kanta zuwa fili. Sunanta ya shiga littattafan kimiyya a 1999, lokacin da masana suka raɗa wa wata ƙatuwar dabbar zamanin da, wadda aka tono ƙasusuwanta a yankin, suna Jobaria tiguidensis. Tsayin gaɓar bai kai na manyan mashigan duwatsun duniya ba, amma ƙa'idar da ke aiki a kanta ita ce dai ke aiki a Hawan Kibo na jihar Filato a Najeriya, inda manyan motoci suka sha yin hatsari.

Ƙa'idar ita ce, duk nauyin da ya gangaro daga sama sai ƙarfinsa ya tafi wani wuri, kuma idan birki ne kaɗai ke riƙe motar, zafi yake komawa. A misali, tirela mai tan 50 da ta sauko mita 50 kacal tana samar da zafin da zai iya kai kusan lita 80 na ruwa ga tafasa. Idan wannan zafi ya taru a birki cikin 'yan mintoci, ƙarfen kan buɗe, kamun ya ragu, direba ya taka ya ji babu komai.

Saboda haka ake zaɓen giya tun kafin a fara gangara, kuma ƙa'idar da aka gada ita ce a sauka da giyar da za a iya hawa wurin da ita, ko wadda ta fi ta ƙasa, domin inji ya riƙe motar. Saka mota a firi don tsimin mai shi ne kuskure mafi tsada: inji ya daina riƙewa, na'urar da ke tara iskar birki ta rage aiki, direba kuma na ta dannawa yana ƙarar da ɗan abin da ya rage. Wani haɗarin shi ne birkin tirelar kanta. Idan ba ya kamawa daidai, kan motar zai tsaya, bayan ya ci gaba da turowa, har su naɗe kamar aska. Tsayawa a saman gangare a duba iska, a taɓa tayoyi, a gwada birki, aikin 'yan mintoci ne.

Mai dawowa kudu da lodin albasa ko gishiri hawa ne a gabansa. A nan abin tsoro shi ne zafin inji, da canjin giya a tsakiyar hawa wanda kan sa mota ta tsaya ta fara ja da baya. Aikin yaron mota da wejinsa a irin wannan wuri ba ƙarami ba ne.

Inda tirela ke tsayawa

Bayan Agadez, wanda ya nufi cikin duwatsun Abzin ya shiga wata duniya. A can ne dutsen Bagzan yake, wanda ƙololuwarsa ta kai mita 2,022, mafi tsayi a Nijar. Hanyoyin da ke zuwa Tabelot, Timia da Iferouane suna bin cikin koramu da tsakanin duwatsu, da kwanoni masu matsi. A kwana, tayoyin bayan tirela ba sa bin sawun na gaba, sukan yanke ta ciki, kuma tsawon motar ne ke ƙara girman wannan yanke. Inda gefe ɗaya dutse ne ɗaya kuma rami, babu wurin da za a ba ta. Ga kuma raguwar iska a sama, wadda ke rage wa inji marar tabo kimanin kashi 1 cikin 100 na ƙarfinsa a duk hawan mita 100. Shi ya sa amfanin lambunan Abzin kan sauko ne a motoci masu gajeren jiki, doguwar tirela ta tsaya a inda hanya ta buɗe.

Lodi fiye da ƙima

Duk abin da aka lissafa, daga rairayi zuwa gangare, nauyi ne ke ƙara masa muni. A 2005 ƙungiyar UEMOA, wadda Nijar ke cikinta, ta fitar da doka mai lamba 14 kan nauyi da girman manyan motoci. Dokar ta ƙayyade tan 11 da rabi zuwa 12 a kan aksil guda na baya, tan 51 ga tirela mai aksil 6, da tsayin da bai wuce mita 4 ba. Aiwatar da ita ya sha ɗagewa a ƙasashen ƙungiyar.

Dalilin dokar ya samo asali ne daga wani babban gwaji da aka yi a jihar Ilinoi ta Amurka tsakanin 1958 da 1960, inda aka gano cewa ɓarnar da aksil ke yi wa titi ba ta tafiya daidai da nauyinsa, ninkuwa take yi. Idan aka ninka nauyi sau biyu, ɓarnar kan kai kimanin ninki 16. Aksil ɗin da aka ɗora wa tan 16 maimakon 12 yana cin titi kamar motoci uku. Ta haka titin da aka tsara ya yi shekara 15 ko 20 ke komawa ramuka tun bai yi rabin wa'adinsa ba.

Galibi ba direba ke yanke shawarar yawan lodi ba. Kuɗin dakon kaya da buhu ko da tan ake biya, mota kan dawo wani lokaci babu kaya, mai mota kuma na son tafiya ɗaya ta biya biyu. Amma direba ne ke zaune a gaba lokacin da lodin da aka tula sama ya karkata a kan hanyar da ta ɗan kwanta gefe.

Kayan da ke motsi

Akwai lodi iri biyu da suka fi yawa a wannan hanya waɗanda ba sa zama wuri ɗaya. Na farko shi ne man fetur. Matatar SORAZ, wadda aka buɗe a watan Nuwamban 2011 da ƙarfin tace ganga 20,000 a rana, tana bakin wannan titi ne, kimanin kilomita 50 arewa da Damagaram, a cikin gundumar Tanout. Daga nan tankoki ke rarrabuwa kudu da arewa. Tankar da ba ta cika ba ta fi cikakkiya haɗari, domin man kan yi tangaɗi ya tura motar gaba idan an taka birki, ya tura ta gefe idan an sha kwana ko an sauka daga kwalta zuwa hanyar ƙasa.

Abin da ke biyo bayan faɗuwar tanka sananne ne. A watan Mayun 2019 wata tanka ta kife kusa da filin jirgin saman Yamai, mutane suka taru ɗibar mai, wuta ta tashi ta hallaka aƙalla 55 nan take. A watan Oktoban 2024 irin haka ta faru a garin Majiya na jihar Jigawa, inda sama da mutum 150 suka rasu. Ga direban tanka, zaɓen hanya ya haɗa har da zaɓen inda zai tsaya ya kwana, nesa da cunkoson jama'a, a kan ƙasa mai ƙarfi da ba ta karkata ba.

Na biyu shi ne dabbobi. Daga kasuwannin Tanout, Belbeji da Bakin Birji ake lodin shanu, raƙuma da ƙananan dabbobi zuwa kudu, har zuwa kasuwannin kan iyaka irin su Maigatari da ke ci ranar Alhamis da Mai'aduwa da ke ci ranar Lahadi. Siminti na iya jiran mota ta fita daga rairayi, amma saniya ba za ta jira ba. Yini guda a rana babu ruwa na iya kashe ribar tafiyar baki ɗaya, kuma wanda ranar kasuwa ta wuce shi sai ya jira mako.

Ƙananan motoci masu jan kaya

Ba manyan motoci kaɗai abin ya shafa ba. Tun bayan gano zinariya a Jado a 2014, zirga-zirgar ƙananan motoci masu ɗauke da injuna da tankunan ruwa zuwa arewa ta ƙaru, wasunsu na jan 'yar tirela a baya. Haka taraktocin da ke jan amfanin gona. A nan ƙa'idar ita ce rabon kaya: fiye da rabin nauyi ya kasance a gaban tayoyin tirelar, ta yadda kimanin kashi 10 zuwa 15 cikin 100 zai danna mahaɗinta da motar. Idan nauyi ya koma baya, tirelar kan fara kaɗa wutsiya da zarar an ƙara gudu, musamman a gangare ko lokacin da babbar mota ta wuce da iskarta. Maganin a lokacin shi ne ɗaga ƙafa daga totur a riƙe sitiyari a miƙe, domin taka birki da ƙarfi ƙara kaɗawar yake yi.

Lissafin da madugai suka bari

Wannan tunani ya girmi mota. Ƙarni da dama Damargu ce zangon da ayarin Abzinawa ke sauka tsakanin Agadez da Kano, kuma ita ce rumbun da Abzin ke samun gero. Ayarin gishirin Bilma da Fachi na tashi ne bayan damina, lokacin da zafi ya ragu kuma raƙuma suka ƙoshi. Madugu na auna hanya da rijiyoyinta, da ciyawarta, da zaman lafiyarta, jagaba kuma na gaba yana duba turba.

Baturen Jamus Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, da ayarin gishiri ya sauko daga Abzin ya shigo Damargu a watan Janairun 1851. A garin Tagelel ne tawagarsu ta rabu: Richardson ya nufi Damagaram, Barth kuma ya bi ta Tasawa zuwa Katsina da Kano. Kusan shekara 50 bayan haka, tawagar Faransawa ta Foureau da Lamy ta taso daga Aljeriya a 1898 da raƙuma kimanin 1,000 da kaya masu yawa. Mafi yawan raƙuman suka mutu a hanya, tawagar ta yi watanni a maƙale a Abzin, ba ta isa Damagaram ba sai a watan Nuwamban 1899. Bindigogi da dukiya ba su hana nauyi da ƙishirwa yin aikinsu ba.

Isowar jirgin ƙasa Kano a 1911 ta karya fataucin Sahara, daga baya kuma mota ta karɓi mafi yawan aikin raƙumi. Amma ɗabi'ar ayari ba ta mutu ba. Har yanzu direbobi sun fi son tafiya a rukuni, domin motar da ta kafe wata ce ke janyo ta, kuma tsakanin garuruwa akwai wuraren da bakanike da ruwa ke da nisa. Tsaro ma na cikin ma'auni. Tun bayan rufe iyakar Nijar da Benin a 2023, motocin da ke ɗauko kaya daga bakin teku sun koma bin doguwar hanya ta Togo da Burkina Faso da rakiyar sojoji, abin da ya ƙara kwanaki da kuɗi a kan kowane buhu.

Abin da zai rage asara

Sabuwar kwalta za ta rage wahalar rairayi, amma ba za ta ɗauke gangaren Tiguidit ba, ba za ta hana koramu cika ba, kuma ba za ta jure lodin da ya wuce doka ba. Za ta ma ƙara gudu, alhali nisan da mota ke buƙata kafin ta tsaya kan ninka sau huɗu idan gudu ya ninka sau biyu.

Abubuwan da za su kare titin da masu binsa ba su da wuyar ganewa: auna mota tun daga inda ake lodi, ba sai ta yi rabin tafiya ba, wuraren tsayawa masu faɗi a saman gangare da wajen garuruwa, alamomin zurfin ruwa a mashigan koramu, rufe hanyoyin ƙasa ga manyan motoci na 'yan sa'o'i bayan ruwan sama, da kwashe rairayi daga kan kwalta a kan lokaci. Ƙungiyoyin direbobi da gidajen rediyon yankin na iya zama jagaban wannan zamani, ta hanyar sanar da halin da kowane ɓangare ke ciki kafin motoci su tashi.

Sauran aikin kuma na hannun mai mota da mai kaya, waɗanda ke sa wa direba ranar isowa ba tare da sun duba wata ko nauyi ba. Hausawa sun ce hanyar lafiya a bi ta da shekara. A Damargu ba a ma buƙatar shekara: wani lokaci jiran kwana ɗaya a Tanout har korama ta janye, ko rage buhu 50 daga lodi, shi ne bambancin motar da ta isa Agadez da wadda aka bari a daji ana gadinta.